Keji, Madubi, Kyamara ko Kaskon Ruwa: Wace Hanya Mai Son Tsuntsaye Zai Bi?

Duk wanda son tsuntsaye ya kama, ba ya daɗewa sai ya tsaya yana tambayar kansa yadda zai yi da wannan so. Wani zai ba shi shawara ya sayi kanari ya rataye keji a zaure. Wani ya ce kuɗin kejin gara a ƙara a kai a sayi madubin hangen nesa a nufi fadama. Ɗan zamani kuwa kyamara zai nuna masa. Wannan ruɗani ba yau aka fara shi ba. Tsakanin 1870 da 1900 an yi zazzafar muhawara a kansa a Ingila da Amurka da Jamus, kuma kusan duk hanyoyin da muke da su a yau a wancan lokaci suka kafu. Mutanen lokacin sun bi kowace hanya har ƙarshenta, an kuma ga abin da ta haifar, shi ya sa zai fi mana sauƙi mu auna da abin da ya same su.

Abin da ya tayar da muhawarar shi ne kwalliya. A shekarun nan matan Turai da Amurka sun ɗauki yayin sa gashin tsuntsu a hula, wani lokaci ma tsuntsun gaba ɗayansa a busar a liƙa. A 1886 wani matashi mai suna Frank Chapman ya zaga titunan kasuwa a birnin New York yana ƙirga hulunan mata: cikin 700 da ya gani, 542 da gashin tsuntsu a jikinsu, na nau'in tsuntsaye kusan 40. A wannan shekara George Bird Grinnell ya kafa ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon ta farko a Amurka. A 1889 Emily Williamson ta tara mata a gidanta da ke Didsbury, kusa da Manchester, suka kafa ƙungiyar yaƙi da wannan yayi, wadda daga baya ta zama RSPB, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, kuɗin shiga kwabo biyu kacal. Daga nan tambayar ta wuce maganar hula, ta koma kan masu cewa suna son tsuntsaye su kansu: wanda ya harbe tsuntsu don ya ajiye fatarsa, da wanda ya kulle shi a keji, da wanda ya tsaya daga nesa yana kallo, wanne ne masoyin gaskiya?

Ma'aunin da za a bi

Abubuwa biyar zan duba a kowace hanya. Na farko kuɗi, na sayen kaya da na ɗawainiyar yau da gobe. Na biyu ƙarko, wato tsawon ran kayan aikin da kuma tsawon lokacin da abin zai ci gaba da yi maka daɗi. Na uku sauƙi. Na huɗu haɗari, kuma shi kashi biyu ne, wanda zai same ka da wanda zai sami tsuntsun; mutane da yawa na farkon kaɗai suke lissafawa. Na biyar shi ne ilimin da za ka fita da shi bayan shekara guda.

Bindiga, fatu da ƙwai

Wannan ita ce hanyar masana a ƙarni na 19, kuma ba don mugunta ba. Babu madubi mai kyau, babu hoto, babu littafin aljihu mai zane. Idan kana son ka tabbatar da nau'in tsuntsu sai ka riƙe shi a hannu. Har ƙasar Hausa aikin ya iso. Wani Bajamushe, Ernst Hartert, ya biyo ta Keffi da Zariya da Kano har Sakkwato da Gwandu a 1885 zuwa 1886 tare da Paul Staudinger, yana tattara tsuntsaye a hanya. A 1892 ya zama mai kula da tsuntsayen gidan tarihin Walter Rothschild a Tring, wanda ya tara fatu har kimanin 280,000 da aka sayar wa gidan tarihin New York a farkon shekarun 1930.

Adalci ne a faɗi amfanin da aka samu. Da waɗannan fatu aka bambance nau'o'i aka sa musu suna. Tsofaffin ƙwan da aka tara su ne Derek Ratcliffe ya auna a 1967, ya gano cewa ɓawon ƙwan shaho ya rage kauri bayan shigowar maganin ƙwari na DDT. Amma masana 'yan kaɗan ne, masu tarawa don ƙawa da gasa su ne dubbai, yara 'yan makaranta har da manyan attajirai. Mugun abin da ke cikin wannan sha'awa shi ne, duk lokacin da tsuntsu ya yi ƙaranci sai farashinsa ya tashi, farashin kuma ya ƙara tura mafarauta kansa. Wani babban tsuntsun teku marar tashi na arewacin Atlantika, biyun ƙarshe da aka sani an kashe su ne a 1844 a tsibirin Eldey na Iceland saboda wani dillali ya yi oda, kuma a shekarun 1890 ƙwansa ɗaya ɗaruruwan fam ake saye a gwanjon Landan.

A ma'auninmu, kuɗinta da yawa, aikinta da wuya, ga gubar asinik da ake shafa wa fatu don kada ƙwari su ci. Ga tsuntsu kuwa mutuwa ce. Ingila ta haramta kwasar ƙwan tsuntsayen daji a 1954. A yau wannan aiki na gidajen tarihi da jami'o'i ne masu izini, ba zaɓi ba ne ga mai sha'awa. Na kawo shi ne don ƙanensa yana nan a unguwanninmu: yaro da danƙo, da hawa bishiya a sauke sheƙa. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, ta zo tana kaɗa fuka-fukai, Manzon Allah (SAW) ya umarce su su mayar mata da 'ya'yanta.

Keji

A nan ne yawancin masu karatu suke tsaye, don haka zan ɗan jima. A ƙarshen ƙarni na 19 da wuya ka shiga gidan ma'aikaci a Ingila ko Jamus ba ka ga keji a taga ba, amma tsuntsayen da ke ciki iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne zuciyar maganar. Akwai kanarin da aka haifa a keji tun kaka da kakanni. Masu haƙar ma'adinai na garin Sankt Andreasberg a duwatsun Harz na Jamus sun mai da kiwonsa sana'a, suna ajiye 'yan ƙanana kusa da gwanin waƙa don su koya, suna fitar da dubbai zuwa Amurka kowace shekara. Akwai kuma na daji da ake kamawa da raga da danƙo mai maƙale ƙafa. An ruwaito cewa a wajajen 1860, a yankin Worthing kaɗai, ana kama wani ƙaramin tsuntsu mai jan fuska dangin kanari har 132,000 a shekara, abin da ya kai ga ya kusa ɓacewa daga wasu sassan Ingila. Da yawansu ba sa kai wa hannun mai saye da rai.

Wannan rabo yana nan a kasuwanninmu. Kanari da aku da tsirya da ake tallansu a bakin titi, akasarinsu daga daji aka kamo su. Aku mai toka-toka da jar wutsiya ya yi ƙaranci har a 2016, a taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, a Johannesburg, aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe baki ɗaya. Duk wanda ya sayi ɗaya ya ba mai tarko dalilin komawa daji gobe.

Kuɗin farawa ba shi da yawa in kanari ne ko tattabara, amma ɗawainiyar ba ta yankewa: tsaba, ruwa mai tsabta, ganye, sharar keji kullum. Ƙarkon ma nauyi ne. Kanari yakan yi shekara 8 zuwa 10 in an kula da shi, aku kuma yana iya wuce shekara 40, wato alƙawari ne da zai iya kaiwa ga magada. Idan kai mai yawan tafiya ne, ka fara tunanin wanda zai ba shi ruwa ranar da ba ka nan, musamman a bazara.

Haɗari ga lafiyarka na gaske ne. A 1879 wani likita a Siwizalan, Jakob Ritter, ya bayyana wata cutar huhu da ta kama mutum bakwai da ke da alaƙa da gida ɗaya mai tsuntsayen keji da aka shigo da su daga waje, uku suka rasu. Ita ce zazzaɓin aku, wadda ta sake ɓulla a Faris a 1892, ta kuma bazu ƙasashe da dama a 1929 zuwa 1930. Ana shaƙar ta ne daga ƙurar busasshen kashi, shi ya sa ake yayyafa ruwa kafin a share keji. Sai murar tsuntsaye ta H5N1, wadda a Afirka a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a watan Fabrairu 2006. Mai kaji a gida ya yi hattara da shigo da baƙon tsuntsu daga kasuwa.

Ta fuskar addini, malamai sun kafa hujja da hadisin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, cewa ya halatta a ajiye tsuntsu. Sharaɗin shi ne ci da sha da rashin cutarwa, domin hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa sananne ne. Ilimin da keji ke bayarwa mai zurfi ne amma ƙunci gare shi: za ka san tsuntsu ɗaya ciki da waje, ba za ka san yadda yake neman abinci ko saƙa sheƙa ko guje wa shirwa ba. A ganina kiwon tattabaru ya fi kejin kanari ta kowace fuska, don suna tashi su dawo, suna hayayyafa a gabanka, kuma ba a rage ko ɗaya daga daji ba.

Ido, madubi da littafin rubutu

Wadda ta fi kowa buɗe wannan ƙofa a Amurka ita ce Florence Merriam. Tana ɗaliba a kwalejin Smith a 1886 ta ga cewa yi wa 'yan uwanta mata wa'azi kan hulunansu ba zai wadatar ba, sai ta riƙa fitar da su da sassafe su ga tsuntsayen da ransu. A 1889 ta fitar da littafin da ya koya wa mutane gane tsuntsu ta ɗan madubin da ake kallon wasan kwaikwayo da shi. A Ingila kuma Edmund Selous, wanda ya taso da harbi, ya zauna yana lura da wasu yautai guda biyu a 1898, daga nan ya ajiye bindiga ya koma rubuta abin da idonsa ya gani, daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Madubin da Merriam ta yi aiki da shi rauni gare shi, sau biyu ko uku kawai yake kusanto da abu. Canjin ya zo a 1894 lokacin da kamfanin Zeiss na garin Jena ya fara sayar da madubi mai dunƙulen gilashi a ciki da ke lanƙwasa haske, bisa ƙirar Ernst Abbe, mai kusantowa sau 4 ko 6 ko 8. Tsadarsa ta sa sai masu hali da hafsoshin soja, amma shi ne kakan duk wanda ake sayarwa yau. Idan ka ci karo da tsohon madubin tagulla a wurin 'yan gwangwan, ka saya don ado in kana so, kada ka saya don aiki: sai a 1935 aka ƙirƙiro shafen da ke hana gilashi zubar da haske, don haka na da duhu gare su.

Ga abin da za ka duba. A jikin kowane madubi akwai lamba biyu, misali 8x42. Ta farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Ga mai farawa 8x42 ko 8x32 ya fi, domin filin da kake gani yana da faɗi kuma rawar hannu ba ta dame ka ba. Mai lamba 10 ya dace da fili buɗaɗɗe kamar bakin tafki, amma cikin itatuwa za ka sha wahalar nemo tsuntsun. Ka guji waɗanda aka rubuta wa manyan lambobi irin 60x60, da masu jan gilashi mai ƙyalli, da masu maɓallin ƙara kusantowa. Araha ba ta ado, kuma irin waɗannan ciwon kai suke sa wa. Kafin ka biya, ka kalli turken lantarki mai nisa: in ka ga ya zama biyu, ko idonka ya fara ja bayan minti ɗaya, bututun biyu ba su daidaita ba, ka ajiye. Mai kyau na farawa yana kamawa daga dala 100 zuwa 200, na ƙoli suna haura dala 2,000, kuma ba ka buƙatar su. Tsohuwar ƙira mai faɗin kafaɗa ta fi ba da hoto mai kyau a kuɗi kaɗan, sai dai in ta faɗi tana saurin gocewa. Miƙaƙƙiyar ƙira ta fi jure wahala, kuma in an rubuta cewa ruwa ba ya shiga, to ƙurar hunturu ma ba za ta shiga ba, haka fumfunar damina. Wannan a wurinmu ya cancanci ƙarin kuɗi.

Ta wajen ƙarko babu na biyunsa: ba batir, ba caji, madubi ɗaya zai yi maka shekara 20 in ka rataya shi a wuya ka daina goge gilashin da bakin riga. Daɗin ma ba ya ƙarewa, don Nijeriya kaɗai tana da nau'in tsuntsaye sama da 900. Wahalar tana makonnin farko, kafin hannu ya saba kai madubi ido ba tare da ka ɗauke kallo daga tsuntsun ba. Ka fara da waɗanda ka sani, balbela da hasbiya da hankaka da cilakowa da carki a bayan shanu, ka rubuta rana da wuri da abin da suke yi. Lokaci mafi kyau daga bayan asuba zuwa hantsi, sai la'asar sakaliya. Daga Oktoba zuwa Maris baƙi daga Turai suna sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, inda tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2000, ga kuma Dagona a Jihar Yobe. Gab da damina shamuwa ta iso.

Haɗarin da ke nan ba daga tsuntsu yake ba. Baƙon mutum da madubi a wuya yana leƙe-leƙe a gefen gari abin zargi ne a wannan zamani, kuma mutane suna da hujjarsu. Ka fara gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan gari ya raka ka, kada ka ɗaga madubi kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro ko gidan mutane, dajin da aka ce ba lafiya kuma ka haƙura da shi. Kada ka taɓa kallon rana da shi, yana iya makantar da mutum nan take.

Wannan hanya ce kaɗai take da gaba mai nisa. A 1899 wani malamin makaranta a Viborg ta Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben alminiyam mai lamba a ƙafa, kuma da wannan dabara aka gano hanyoyin ƙaurarsu zuwa Afirka. Ranar Kirsimeti ta 1900 Chapman ɗin nan mai ƙirga huluna ya nemi a maye gurbin gasar harbi ta ranar da gasar ƙirga. Mutum 27 suka fita a wurare 25, kuma har yau ana yi kowace shekara. Irin wannan aiki yana gudana a gida: cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana jagorantar shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara da bayanan 'yan sa-kai. Littafin rubutunka yana iya shiga ciki.

Kyamara

Hoton tsuntsu ya fara ne da wahala mai yawa. Ottomar Anschütz ya ɗauki farar shamuwar Turai tana tashi a 1884. 'Yan uwa biyu daga Yorkshire, Richard da Cherry Kearton, sun ɗauki hoton sheƙa da ƙwai a 1892, a 1895 suka fitar da littafin sheƙuna wanda duk hotuna ne na gaske babu zane. Faranti na gilashi suke ɗauka, suna sauka daga duwatsu da igiya, har fatar sa suka sa aka ɗinka musu da rami a ciki don mai hoto ya ɓuya. Kodak ta 1888, mai dala 25 da hoto 100 a ciki, ta sauƙaƙa hoton iyali amma ba ta yi wa tsuntsu amfani ba, don ba ta jawo nesa. Matsalar wayar hannu ke nan a yau: tsuntsun da ya cika maka ido sai ya fito ɗigo.

Ana buƙatar gilashi mai tsawon milimita 300 zuwa 400 ko fiye. Ƙaramar kyamara mai dogon zuƙo da ba a cire mata gilashi ɗaruruwan daloli ce, babba da gilashinta dubbai. Ita ce mafi tsada a cikin duka kuma mafi gajeren rai: batir yana mutuwa, ƙura tana shiga, zafi yana lalata ta, ga ɓarawo yana sonta. Ribarta ita ce shaida. In ka ga abin da ba ka sani ba, ka tura wa masani. Abin da nake tsoro ga mai farawa shi ne kyamara tana mai da hankalinsa kan hoton, ya dawo gida da hotuna 200 bai lura da abin da tsuntsun yake ci ba. Ga tsuntsu kuma haɗarin yana wajen sheƙa: a karya reshe don hoto ya fito, a bar 'ya'ya a rana da idon hankaka, ko uwa ta gudu ta bar ƙwai. Akwai hanya mai sauƙi, wato ka manna idon wayarka a bakin madubi; hoton ba na gasa ba ne amma ya isa shaida. Wayar kuma ta fi gwaninta wajen naɗar kukan tsuntsu, aikin da Ludwig Koch ya fara a Frankfurt a 1889 yana ɗan shekara 8.

Kaskon ruwa da tsaba

Tsananin sanyin 1890 zuwa 1891 ya sa jaridun Ingila suka roƙi jama'a su zuba wa tsuntsaye abinci, al'adar ta zauna. A Jamus Hans von Berlepsch ya ƙera akwatin sheƙa mai kwaikwayon ramin da tsuntsu ke fafewa a itace, Lina Hähnle kuma ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a Stuttgart a 1899, wadda ita ce NABU ta yau. Su abinci ne ke yanke musu a hunturu. Mu ruwa ne ke yankewa, daga Maris zuwa Mayu.

Kasko marar zurfi, ruwan bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, da dutse a tsakiya don ƙanana su tsaya, a inuwa, a kan wani abu mai tsayi inda kyanwa ba za ta yi kwanto ba. Kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Sharaɗi ɗaya ne, kuma mai tsanani: a zubar a wanke a sake kullum. Ruwan da ya kwana mako yana ƙyanƙyashe sauro, ƙazamin kasko kuma yana yaɗa cuta tsakanin tsuntsaye. A Ingila wata cutar maƙogwaro da ke bin wuraren ciyarwa ta rage wani koren tsuntsu dangin kanari ƙwarai tun daga 2005. Tsaba kuwa tafin hannu ɗaya na gero da safe ya isa, fiye da haka ɓeraye kake kira. Iyakarta ita ce tsuntsayen unguwa kaɗai za ka gani, dinya da gauraka ba za su zo tsakar gida ba.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari gare ka | Haɗari ga tsuntsu |
|---|---|---|---|---|---|
| Fatu da ƙwai | Mai yawa | Kayan suna daɗewa | Da wuya, sai izini | Guba, doka | Mutuwa |
| Keji | Kaɗan da farko, kullum ana kashewa | Shekara 8 zuwa 40 | Aikin kullum | Cutar huhu, mura | Babba in na daji ne |
| Madubi da rubutu | Matsakaici, sau ɗaya | Shekara 20 ko fiye | Makonni kafin a saba | Zargi, tsaro | Kusan babu |
| Kyamara | Mafi tsada | 'Yan shekaru | Sai an koya | Sata, zargi | Akwai, a wajen sheƙa |
| Kaskon ruwa | Kusan kyauta | Muddin ana kula | Mafi sauƙi | Sauro in an yi sakaci | Cuta, kyanwa |

Wa ya dace da wacce

Uwar gida, da dattijon da ƙafa ta yi wa nauyi, da duk wanda aljihunsa bai da ƙarfi, su fara da kasko. Cikin 'yan kwanaki kurciya da gwara za su gano shi. Uban da yake son raba ɗansa da danƙo ya haɗa masa kasko da littafin rubutu, ya sa shi ƙirga masu zuwa sha kowace safiya, in ya ga ya dage sai a yi maganar madubi. Ɗalibi ko malamin makaranta ko ma'aikaci mai hutun ƙarshen mako, wanda yake son ya san tsuntsaye da gaske, ya tara kuɗi ya sayi 8x42 mai hana ruwa, ko da zai jira wata shida. Wannan ne zaɓin da na fi ba da shawara ga mafi yawan mutane, kuma mutum uku suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Kyamara ta dace da wanda ya riga ya yi shekara da madubi, ko mai sana'ar hoto da kayansa a hannu, da sharaɗin ya nisanci sheƙa. Wanda kuma abin da yake so shi ne rai a kusa da shi, ya ciyar ya ji kuka da safe, ya kiwata tattabaru, ko ya nemi kanarin da ya tabbatar a hannun makiyayi aka ƙyanƙyashe shi. Aku da tsirya na bakin titi ya bar su, ko nawa aka rage masa.